Kyamarar Gidan Sabulu

Injiniya na riƙe da hantsaki, ido ɗaya a rufe, lokacin da Baba ya leƙo ta bayan tulin fankoki ya sake tambayarta ko abin ya haɗu.

"Saura kaɗan, Baba."

"Tun shekaranjiya saura kaɗan. Ke da tela ban san wanda ya koya wa wani ba."

Ba ta ɗago ba. A kan teburinta, wanda faɗinsa bai fi ƙyauren taga ba, kayan cikin kyamarar na baje kamar an feɗe kaza. Akwai wani koren allo mai girman akwatin ashana, shi ne ƙwaƙwalwar abin, shi kaɗai kuma ta saya sabo. Batirin na wata salula ce da ta faɗa bokitin wanki, mai ita bai dawo karɓa ba. Maɓallin na ƙararrawar ƙofa ne, daga cikin kayan Baba, ba da saninsa ba. Idon, wato ƙwayar da ke karɓar haske da ɗan gilashin da ke gabanta, ta ciro shi daga wata kyamarar tsaro da wani ofis ya zubar. Dukansu za su zauna a cikin gidan sabulu na roba, ruwan hoda, wanda ta huda da bakin ƙarfen dalma. Har yanzu yana ƙamshin sabulu.

Matsala ɗaya ta rage. Duk hoton da ta gwada, sai wani tabo ya fito a gefen hagu kamar ƙuda ya mutu a wurin. Ta kwance gilashin gaba, ta hura, ta duba da madubin ƙara girma. A ƙarƙashinsa, manne a kan ƙwayar, ga wani gilashi ɗan mitsitsi mai kusurwa huɗu, yana ƙyalli ja-ja kore-kore in an karkata shi. Gefensa ya tsage.

A sana'ar gyaran salula ba a buɗe kyamara. In ta lalace, a cire ta ɗungurungum a sa wata. Ta daɗe a kan teburin nan, amma yau ne ta fara ganin cikin idon kyamara. Sai dai akwai abin da hannunta ya haddace tun tana koyo: duk siririn gilashin da aka tarar a kan wani gilashi, kariya ce, in ya tsage ɓamɓare shi ake yi a yar. Haka take yi wa salular kowa tun mai ita bai gama gaisuwa ba. Ta sa bakin hantsaki ta ɗaga shi, ya fita ba gardama, ta karkaɗe shi cikin gwangwanin shara. Ta mayar da gilashin gaba, ta ɗauki hoton kwalin batura a ƙarƙashin fitilar teburinta, ta duba a tsohuwar kwamfutarta. Tabo ya tafi.

Launin ne ya ɗan juya, komai ya ja zuwa ruwan hoda, har da farin kwalin. Ba lokacin bincike. Ta jona allon da kwamfutar, ta canja layi ɗaya a cikin umarninsa, hoto ya koma fari da baƙi. In an tambaya, za ta ce irin na manya ne.

"Ɗaga gwiwar hannunki," in ji wata murya a kanta.

Yayanta ne, da tef ɗin awo. Ya shimfiɗa shi a gefen teburin, ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Me kake aunawa, Yaya?"

"Ba komai. Kantar jera kaya zan sa a yi mini. Mai madubi, mai juyawa. Tabarau na son wurin da rana ke bugawa."

"Tebur da mai shi."

"Zuwa anjima dai."

Maganar teburin ce ta haifi kyamarar. Shagon na Baba ne, yana sayar da fankoki da ƙwan fitila da wayar wuta da firiji da talabijin, a wani dogon layin shaguna da ke fuskantar fili. Kusurwar bakin ƙofa ita ce ta Injiniya. Nan duk mai wucewa yake ganinta, nan kuma take samun abin da take riƙe kanta da 'ya'yanta biyu. Sunan ma 'yan layin ne suka laƙaba mata don tsokana, ta ƙi jin haushi, har ya bi ta. Yaya kuwa ya dawo gida ne bayan kasuwancin takalmansa ya rushe: an aiko masa da kaya mota guda, duk lamba ɗaya, lambar da babu mai ƙafarta a garin. Yanzu ya gano tabarau, ya kuma gano cewa duk faɗin duniya babu inda tabarau zai yi kyau sai kusurwar ƙanwarsa.

Baba ya saurari ɓangarorin biyu a kan abinci, ya yanke cewa canja gilashin salula ba sana'a ba ce, kwance noti ne da ɗaure noti. "Wai Injiniya. Me kika taɓa ƙerawa?" Ita kuma, da yake bakinta ya riga hankalinta, ta ce ko kyamara ce za ta haɗa masa daga tarkace. Baba ya ajiye cokali. Ya ce to, in ta ɗauki hotonsa ya fito, tebur nata ne. In ba haka ba, ta koma can ciki kusa da kwalaye, inda ko ɓera sai da kwatance yake zuwa.

Da a nan ya tsaya, da sauƙi. Amma Baba na takarar shugabancin ƙungiyar 'yan layin, kuma washegari ya bi shago-shago yana shaida wa kowa cewa hoton fostarsa da kyamarar da 'yarsa ta ƙera za a ɗauka, a gaban jama'a. Abokin karawarsa, Mai Kwamfuta, matashi ne mai yawan cewa tsofaffi su koma gida su yi wasa da jikoki. Baba da gemu yake ba shi amsa. Gemun baƙi ne wuluk kamar sabuwar taya, haka ma gashin kansa. Duk ƙarshen mako yakan kulle kansa a banɗaki da ɗan buroshi da kwalin dayis na rina gashi, ya fito ya bar bahon wanke hannu da zane-zane, Inna ta bi ta goge. A gidan ba a kiran sunan abin. Inna kan ce, "Babanku na dogon wanka." A layi kuwa kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa, domin rabinsu a kemis ɗaya suke saye.

Wata mata ta tsaya a bakin teburin da salula a hannu, fuskarta duk ta tsattsage kamar gidan gizo-gizo. Injiniya ta karɓa, ta sa farce a kusurwa, ta ɓamɓare gilashin kariyar, na ƙasan ya fito sumul.

"Lafiyarta ƙalau, Hajiya. Kariyar ce ta fashe."

"Kai, Allah ya yi miki albarka. Har na fara tunanin abin da zan gaya wa maigida."

"Hajiya, ba kya buƙatar tabarau?" in ji Yaya, ya zaro guda daga aljihu. "Irin na 'yan fim."

Matar ta dube shi sama da ƙasa, ta tambayi Injiniya ko lafiya yake.

"Yana samun sauƙi," in ji Injiniya, tana liƙa sabuwar kariya.

Da matar ta tafi, ta koma kan aikinta. Siraran wayoyi biyu ne suka rage, na maɓalli. Ta goge bakin ƙarfen a kan jiƙaƙƙen soso, ta ɗiga dalma, hayaƙi ya tashi ya shige mata hanci. Ta manna batirin a gindin gidan sabulun da gam, ta kwantar da allon a kansa, ta tura idon cikin hudar har ya leƙo waje. Murfin ya ƙi rufuwa. Ta danne shi da tafin hannu, ta zagaye shi da baƙin salatif.

Mai Agogo, maƙwabcin shagon, ya zo ya tsaya a kanta da madubinsa a goshi. Tare suka taso da Baba, amma nasa gemun fari ne fat, abin da ya sa Baba ba ya son a gan su a jere.

"'Yata, wannan ce kyamarar? Na ɗauka wanka za ki."

"Baffa, tsaya nan in gwada da kai."

Ya tsaya a cikin shagon, ƙarƙashin fitilun sayarwa, ya gyara wuyan riga. Ta danna, ta zare memorin ta sa a kwamfuta. Ga Mai Agogo nan, har da gibin haƙorinsa.

"Kai, ta yi," in ji shi. Ya ɗauki abin yana jujjuyawa. "To ta ina ake leƙawa?"

"Ba a leƙawa. Saitawa ake yi, a danna, a yi addu'a."

"Haka na yi aure," in ji Mai Agogo, ya ajiye mata.

Rana ta take tsaka lokacin da Baba ya fito daga lungun kwalaye, inda ya canja kaya. Baƙar kwat, farar riga, takalmi na sheƙi. Bai sa hula ba, don kada a yi asarar gashin.

"Shugaba!" in ji mai aski daga ƙofar shagonsa. Baba ya ɗaga masa hannu kamar wanda ya saba.

"Baba, ka tsaya nan ciki, gaban fankoki," in ji Injiniya. "Fitila ta isa."

"A ciki? Kamar wanda ake nema? Waje za mu, rana ta haska ni, allon shago ya fito a bayana."

Sai a lokacin ta tuna ba ta taɓa fitar da kyamarar waje ba. Duk gwajinta a ƙarƙashin fitila ta yi shi. Ta buɗe baki za ta ce a ba ta ɗan lokaci, sai ta ga Yaya ya zuba mata ido, tef ɗin awo na fita yana komawa a hannunsa. Ta rufe bakin. Haske ai haske ne, in ji ta a ranta. In ma da bambanci, na rana ya fi yawa.

Layin ya taru. Mai aski ya bar wani da rabin kai, mutumin ya biyo shi da ƙyalle a wuya. Matan shagon ɗinki sun fito da almakashi a hannu. Mai Kwamfuta ya tsaya can baya, hannaye a harɗe, yana murmushin wanda ya zo ta'aziyyar da ba ta dame shi ba. Baba ya zaɓi wuri kusa da 'yar bishiyar da ke gaban shagon. Mai Kemis, wanda ke fatan zama ma'aji in Baba ya ci, ya lallaɓo ya tsaya a bayan kafaɗarsa. Yaya ya shigo ta gefe ɗaya, Mai Agogo ta ɗaya gefen.

"Matsa, kai," Baba ya ce wa Mai Agogo. "Ba hoton 'yan fansho ba ne."

"Ni da kai wa ya riga wani yaye?"

"Matsa dai."

Mai Agogo ya matsa taku rabi. Injiniya ta ɗaga gidan sabulun daidai ƙirjinta, ta riƙe numfashi, ta danna. Wani ɗan jan haske ya yi ƙyaf ya mutu. Baba bai motsa ba, haɓa a sama, ciki a tsuke.

"An gama, Baba."

"An gama me? Ban ji komai ba," in ji shi ta gefen baki.

"Ba ta ƙara."

"Kyamarar da ba ta ƙara? Sake."

Ta sake dannawa. Mai Agogo ya ce "Ƙyas!" da bakinsa. Jama'a suka tafa, Baba ya saki ciki.

Ta zare memorin ta nufi kwamfutarta, da niyyar ta fara gani ita kaɗai. Yaya ya tare ta, ya zare shi daga yatsunta cikin ladabi.

"Haba, Injiniya. Hoton Shugaba a wannan ɗan allon? Ga talabijin cike da bango."

Bangon dama na shagon talabijin ne daga ƙasa har rufi, duk an jona su da akwati ɗaya don masu saye su ga bambanci. Yaya ya tabbata baƙin allo za a gani, yana kuma son a gan shi da girma. Baba ya ce haka ne, a sa. Mutane suka cika ƙofar, na baya suna ɗage.

Talabijin ɗin suka yi shuɗi, suka yi baƙi, sannan hoton ya fito a kansu gaba ɗaya, manya da ƙanana.

Abu na farko da Injiniya ta lura da shi, hoton ya fito tas. Ana karanta allon shagon harafi-harafi, ana ganin zaren da ya riƙe maɓallan kwat. Ta ji daɗi, daidai tsawon lokacin da idonta ya ɗauka kafin ya hau sama.

Mutumin da ke cikin kwat ɗin tsoho ne tukuf. Gemunsa fari ne sol, gashin kansa fari, har girarsa. Kwat ɗin da ta fita baƙa ta dawo ruwan toka, ganyen bishiyar kamar an watsa masa gari. Fuskar ta yi haske, idanun sun zurma. A gefe, Mai Agogo na nan yadda yake. Yaya na nan da baƙin gashinsa. A bayan kafaɗar tsohon kuwa, gashin bakin Mai Kemis ya yi fari kamar ya sha madara bai goge ba.

 Fankokin gwaji ne kaɗai ke juyawa. Mai Kemis ya tuna ya bar shago a buɗe, ya fice da hannu a baki.

"Ni dai ban canja ba," in ji Mai Agogo.

Yaya ne ya fara dariya. Ta hanci ta fito masa, ya yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ta ƙi. Ya dafa firiji, ya duƙa, ya riƙe ciki. "Wayyo, Baba! Ashe kai ne yayan Baffa!" Ya zaro salularsa yana ɗaukar bangon. Da jama'a suka ga ɗan gida ya buɗe ƙofa, sai su ma suka shiga dariyar. Mai rabin kai har da zama a ƙasa. Ɗaya daga cikin matan ɗinki ta ce wallahi ya fi kwarjini haka, ta kuma faɗa da zuciya ɗaya, wanda ya ƙara ɓata lamarin.

Mai Kwamfuta bai yi dariya ba. Ya ratso mutane ya zo gaban Baba, ya ɗan rusuna.

"Baba, hoto ya yi kyau ƙwarai. In an buga, a taimaka mini da kwafi. Ni zan liƙa da kaina."

Baba ya dube shi. Ya taka zuwa bango ya zare filogin, duk fuskokin suka mutu lokaci ɗaya. Ya ce an tashi daga kasuwa. Ya tsaya a ƙofa har na ƙarshe ya fita, sannan ya dubi Yaya, wanda ke share hawaye da bayan hannu.

"Kai ma."

Ya jawo ƙofar ƙarfen ya sauke ta zuwa gwiwa. Hayaniyar ta koma waje, ana jin ta tana yaɗuwa daga shago zuwa shago.

Injiniya ta zauna a kujerarta ta buɗe salularta. Ba ta sha wahalar nema ba, amsar na shafin farko, har da hoton gilashin. Ba kariya ba ne. Aikinsa tare wani irin haske da ke cikin rana, wanda idon mutum ba ya gani amma ƙwayar kyamara na gani. Fitilun shago ba su da shi sosai, shi ya sa duk gwajinta ya fito lafiya. Shi kuma wannan hasken, rini bai dame shi ba, ratsa shi yake yi kamar ruwa ya nuna abin da ke ƙasa. Ta leƙa gwangwanin shara. Ɓaraguzan gilashin salular mutane ne cike da shi, duk suna ƙyalli iri ɗaya.

Ta jawo jakarta. Ta sa hantsaki, ta sa sukudirebobi, ta naɗe wayar fitila. Ƙarfen dalma bai huce ba, ta jingine shi tana jira.

Baba na zaune a kan kwalin fanka, ya ba ta baya. Ya cire kwat ɗin ya ɗora a cinya.

"Kunna mini wancan," in ji shi. "Ƙaramin."

"Baba, kuskure na yi. Akwai wani ɗan gilashi da na cire, na ɗauka..."

"Na ce ki kunna."

Ta mayar da filogin, ta kashe sauran ɗaya bayan ɗaya, ta bar ƙaramin da ke daidai fuskarsa. Baba ya laluba aljihun riga ya fito da tabaran karatu, wanda ba ya sawa in ƙofar shago a buɗe take. Ya maƙala shi. Ya daɗe yana kallo, har ta fara tunanin ko ta ɗauki jakar ta sulale.

"Kin san wannan?" in ji shi.

"Kai ne, Baba."

"Ba ni ba ne. Ubana ne."

Ba ta san kakanta ba, ya rasu tun Baba bai yi aure ba. Ta bi bangon gidansu a ranta, ɗaki-ɗaki, ba ta tuna ta taɓa ganin hotonsa ba.

"Bai taɓa tsayawa gaban kyamara ba," in ji Baba. "Cewa yake duk mai son ganinsa ya zo gida." Ya matsa da kwalin gaba. "Dubi yadda ya ɗaga haɓa. Haka yake yi in zai gaya mini ba zan yi abin kirki a kasuwa ba. Har girar. Ni na ɗauka na manta fuskarsa."

 A waje wani ya kwaikwayi muryar Mai Agogo yana cewa ni dai ban canja ba, aka sake fashewa.

"Baba, in kana so in goge shi..."

"Ki goge ubana?"

"A'a."

"Ki buga mini guda ɗaya. Ƙarami, wanda zai shiga aljihu. Kada uwarki ta gani, za ta ce in daina ɓata mata baho." Ya cire tabaran ya juyo, sai ya ga jakar. "Ina za ki da kaya?"

"Ciki. Kusa da kwalaye. Ka ce in hotonka ya fito."

"Hotona bai fito ba."

"To shi ya sa."

Baba ya ninke tabaran a hankali ya mayar aljihu.

"Wa ya fara dariya?"

Ta duƙar da kai tana gyara zif ɗin jaka.

"Na ce wa ya fara?"

"Ban lura ba, Baba."

"Ni na lura. Har da riƙe ciki. Har da ɗauka a waya. Mutumin da aka sayar wa takalmin raƙumi mota guda, shi ne zai yi mini dariya a cikin shagona, yana dafe da firijina." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Ya je ya sayar da tabaransa a bakin titi, can rana ta fi bugawa. Mayar da kayanki."

Ta tsaya da jakar a hannu. Ta so a ce kyamarar ce ta riƙe mata teburin, ko dalmar da ta ƙone mata yatsu, ko allon shagon da ya fito harafi-harafi. Ta auna ko ya kamata ta ji haushi, ta ga tebur dai tebur ne. Ta zazzage jakar. Ta jera sukudirebobin daga babba zuwa ƙarami, ta ajiye gidan sabulun a kusurwa, idonsa na kallon bango.

Baba ya miƙe ya karkaɗe kwat ɗin ya sa. Ya shafa gemunsa a gilashin wani talabijin da ke kashe. Sannan ya zaro salularsa ya miƙa mata.

"Mai buga fosta na jira. A nan za mu yi, gaban fankoki."

Ya tsaya, ya tsuke ciki, ya ɗaga haɓa. Sai ya saci kallon ƙaramin talabijin, ya sauke ta kaɗan.

"Akwai abin nan da 'yan mata ke dannawa fuska ta yi sumul?"

"Akwai."

"Sa shi. Ki ƙara wa gemun baƙi. Ki rage mini shekara goma."

"Baba, duk layin nan sun riga sun gani."

"Ubana suka gani," in ji Baba. "Shi ba ya takara. Danna."